Katin Bambú Ɗaya Tilo a Duniya

Epifanio Lugo mijin yayata ne, don haka abin da zan faɗa a kansa a gabana aka yi shi, wani ma a cikin shagona. Ni mai aski ne, sunana Genaro. Shi kuwa kowa a garinmu Don Fano yake ce masa, ban da yayata Minia, wadda ke kiransa da cikakken sunansa duk ranar da ya yi wata ɓarna, wato kusan kullum.

Don Fano ya yi 'yan shekaru a New York yana gadin motoci a ƙarƙashin wani otal. Ya dawo mana da ciwon baya, da farar hula mai baki, da sanin komai. In ana maganar ciwon suga, ya zauna da manyan likitoci. In maganar guguwa ce, shi ya fara hango ta tun gidan rediyo bai sani ba. Ya taɓa zuba kifi a tankin ruwan gidansu wai zai riƙa sayar wa otal-otal, yayata ta daɗe tana wanka tana ƙarni. Amma babban abin taƙamarsa shi ne Bambú.

Anacleto Irizarry, wanda ake kira Bambú, wato gora, saboda tsawonsa, shi ne ɗan ƙwallon kwando mafi girma da garinmu ya taɓa haifa. Muna samari ya kai ƙungiyarmu ta Jemagu wasan ƙarshe. An lallasa mu a ranar, amma har yau ba mu gama murna ba. Don Fano ya rantse shi ya koya wa Bambú jefa ƙwallo ta saman kai. Don Fano dai, in ya tsaya kusa da kujerar askina, da kaɗan ya fi ta tsawo.

A wancan zamanin wani kamfanin biskit, wanda ya daɗe da rufewa, yakan saka katin ɗan wasa a cikin kowane ƙunshi. Mu nan na Bambú suka riƙa turo mana kusan zalla: ga shi a sama, ƙwallo a hannun dama, lamba goma sha biyu a ƙirji. Ba gidan da babu shi. Wasu sun liƙa a jikin firij, wasu suna tokare ƙafar tebur da shi.

Wata safiya ina yi wa Don Chelo aski, tsohon nan mai sayar da tikitin caca wanda bakinsa ya fi rezata kaifi, sai ga Don Fano ya faɗo shago yana ɗaga waya sama.

"Genaro, ajiye almakashin nan. Ka gama aski a duniya."

"Bari in gama wannan ɗin tukuna."

Ya cusa min wayar a hanci. Labari ne na wani tsohon katin ɗan wasan Amurka da aka sayar a kuɗin da zai sayi gidaje uku.

"Kati, suruki! Kwali! Ni kuwa ina da na Bambú, tun na asali."

"Ni ma ina da shi," in ji Don Chelo. "Da shi nake kwashe gashin baki daga kan tebur."

"Kai ai ba ka san darajar kaya ba. Shi ya sa kake sayar wa mutane arziki kana tafiya a ƙasa."

Washegari ya tilasta min rufe shago na raka shi birnin Mayagüez, wani shagon masu sayar da irin waɗannan katuna. Ya naɗe katin a tawul, ya saka a gwangwanin biskit, ya sa safar hannu, domin wai a New York ba a taɓa kati da fatar hannu. Farar safa ba ta samu ba, sai ya ɗauko ta roba mai ruwan ɗorawa wadda Minia ke wanke-wanke da ita.

Mai shagon, wani ƙato mai gemu, ya dubi safar, ya dubi katin, ya ci gaba da taunar cingam.

"Dala biyu."

"Dubu biyu? Ka fara da ƙasa, amma muna iya magana."

"Biyu, baba. Ɗaya, biyu." Ya jawo aljihun tebur, sai ga Bambú a jere an ɗaure da roba kamar karta. "In kana so ma in sayar maka da wani a uku. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Wancan na Amurka guda uku suka rage a duniya. Wannan kuwa kowace kaka a yammacin tsibirin nan tana da shi."

Muka kamo hanyar gida a cikin a-kori-kurarsu, Don Fano fuska a murtuke. Na fara tausaya masa. Muna tsaye a wata danja sai ya buga sitiyari.

"Ka ji abin da yaron nan ya faɗa? Da bakinsa ya ba ni sirrin, bai sani ba!"

"Na ji ya ce dala biyu."

"Ya ce yawa ne matsalar. To wa ya hana a rage su? In na saye duk Bambú ɗin da ke duniya, na ƙona, na bar ɗaya, nawa ke nan? Wancan na Amurka uku ne. Nawa ɗaya. Gida tara, Genaro!"

"Wane irin lissafi ne wannan?"

"Na New York."

Ya juya mota a tsakiyar titi, ana ta danna masa hon, muka koma ya saye aljihun teburin nan kaf. Mai gemun har ƙofa ya rako mu, ya ce mu gaida gida.

A hanya ya kama hannuna ya ce sirri ne, daga shi sai ni. Kafin yamma ya gaya wa Don Chelo, da mai gidan burodi, da direban magajin gari, kowanne da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa.

Ya kafa tebur a ƙofar shagona, ya rataya allo: MASANIN KATUNA, HORON NEW YORK. In an kawo masa kati sai ya sa safar robar, ya duba da gilashin ƙara girma, ya shinshina, ya kai kunne ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Daga nan ya girgiza kai.

"Wannan ya mutu. Amma saboda zumunci, dala ɗaya."

Da farko mutane har godiya suke yi. Aka ɓamɓaro Bambú daga jikin firij, aka zaro shi daga ƙarƙashin tebura, gidaje da yawa suka koma cin abinci a karkace. Sai Don Chelo ya zo da nasa, ya tsaya a gaban layi ya ɗaga murya.

"Fano, in nan gaba abin nan zai sayi gida tara, me zai sa in ba ka nawa a dala ɗaya?"

"Wa ya gaya maka haka?"

"Kai."

"Ai ba naka ne zai yi tsada ba, nawa ne."

"To in na riƙe nawa fa? Sun zama biyu ke nan. Ka ɗauki gida huɗu da rabi, in ɗauki huɗu da rabi."

Don Fano ya yi gumi. Ya ba shi biyar. Duk layin ya ji. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayarwa ƙasa da biyar, masu taurin kai kuma sai da suka ga goma.

Labari ya tsallaka teku. 'Yan garinmu da ke Bronx da Orlando da Hartford suka fara aiko da ambulan, har mai rabon wasiƙu ta ce a saya mata maganin kafaɗa. Wani ya zo daga kan tudu a bisa doki, da katuna cike da hularsa. Buhu ɗaya ya cika, na biyu ya kusa.

Amma wadda ta fi kowa aminci ita ce Doña Cuca, tsohuwar da ta yi shekaru tana da kanti a bakin dandali kafin mijinta ya rasu. Kullum in ta fito daga coci sai ta biyo, cikin baƙar rigarta, carbi a hannu, ta ajiye katuna uku a kan tebur, sababbi fil kamar yau aka buga su.

"Doña Cuca, jiya kin ce su ke nan."

"Haka na zata, ɗana. Sai na ɗaga katifa."

Washegari ga ta da wasu ukun.

"Waɗannan fa?"

"A bayan hoton marigayi."

Wata rana kuma ta ce marigayin ne ya zo mata a mafarki ya nuna mata aljihun kwat ɗinsa. Haka aka yi ta tafiya, kwat bayan kwat.

"Wai kwat nawa marigayin nan ya bari?"

"Mutum ne mai son ado, Allah ya jiƙansa," in ji ta, tana cusa kuɗin a ƙirji.

Ana cikin haka Don Fano ya shiga neman wanda zai bari, katin da zai zama ɗaya tilo. Ya ce dole ya kasance ba lanƙwasa, ba tabo, kusurwoyinsa huɗu a tsaye. Nasa na asali yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, sai ya kunna dutsen guga ya ɗora. Waya ta yi ƙara, ya tsaya yana yi wa wani bayanin kasuwar duniya. Da ya ɗaga dutsen, fuskar Bambú ta koma baƙa ƙirin, sai fararen takalma.

"Ba asara," in ji shi. "Ɗaya ya ragu."

Ya zaɓi na biyu. Kusurwa ɗaya ta ɗan dakushe, ya ari almakashina ya gyara. Sai ta fi sauran gajarta, ya gyara sauran. Sai gefe ya karkace, ya daidaita. Ina ji ƙyas, ƙyas, ƙyas, har na leƙo.

"Ina ƙwallon?"

"Ta tafi. Amma dubi yadda kusurwoyin suka fito."

"Ina kansa?"

Ya jefa shi a buhu.

Na uku yana da tabon kofi, ya goge da auduga da giyar rake, rigar Bambú ta narke ta gangaro masa har gwiwa. Na huɗu lafiyayye ne, daga kwat ɗin marigayi. Saboda tsoron danshi ya binne shi a cikin bokitin shinkafar Minia bai gaya mata ba. Ranar ta gayyace ni cin abincin rana, shinkafa da wake. Ina cikin tauna na ji wani abu kamar ganye. Na zaro, na duba, sai ga lamba goma sha biyu.

Na biyar ya saka a leda, ya ɗaura igiya, ya rataya a wuya a ƙarƙashin riga. Ko wanka zai yi da shi yake shiga.

Kuɗin fanshonsa ya ƙare, katuna ba su ƙare ba. Sai ya dubi a-kori-kurar.

Motar nan ita ce ƙashin bayan gidansu. Minia tsiren kaza take sayarwa da soyayyen filanten, irin ayabar nan ta suya, a bakin filin kwando duk ƙarshen mako, motar ke ɗaukar mata murhu da gawayi da akwatunan ƙanƙara zuwa kan tudun. Don Fano ya sayar da ita ga wani manomi daga Lajas, ya gaya wa Minia tana wurin bakanike. Bakaniken ya daɗe yana jiran wani ƙarfe daga Amurka. Rannan Minia na tsaye a ƙofar gidan burodi sai ga motarta ta wuce, an loda mata abarba har sama.

Tun daga tsallaken titi muka ji muryarta.

"Epifanio Lugo Santaliz!"

Don Fano ya nemi shiga bayan kujerar aski. Wanda nake yi wa aski ya ɗaga ƙafa ya ba shi hanya, amma ta riga ta shigo.

"Me motata take yi da abarba?"

"Minia, farin cikina, zauna ki ji. Ba sayar da ita na yi ba. Juya ta na yi."

"Ka juya ta ta zama me?"

Ya nuna buhunan da ke jingine a lungu. Ta buɗe ɗaya, Bambú ya zubo mata a ƙafa.

"Ta zama kwali."

"Jari ne. Ranar Lahadin bikin gari zan saya miki sabuwa, mai sanyi a ciki, mai kujerun fata."

"Kai kuma, Genaro, kana kallo? Uwa ɗaya ta haife mu!"

"Ni aski nake yi, yaya."

Ta juya kansa, ta nuna shi da burodin da ke hannunta.

"Ka ji ni da kyau. Bayan Lahadin nan, ko mota ta tsaya a ƙofar gidana, ko kai ka zama motar."

Da ta fita ya gyara hula ya ce mana mata ba su gane harkar kasuwa sai sun ga riba. Nan take ya buga waya babban birninmu San Juan, ga wata babbar dillaliyar katuna mai suna Idalia Marrero, wadda ya samo lambarta a intanet. Ya ce mata yana da Bambú ɗin da babu na biyunsa a duniya. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shi da ya yi horo a New York? Ta ce kada ya nuna wa kowa, kada ya sayar wa kowa, tana zuwa da kanta ranar Lahadi.

Ya ajiye wayar yana taka rawa.

"Ka ji muryarta? Rawa take yi. Ta san kaya."

Ranar bikin waliyyin gari filin kwando ya cika maƙil. Akwai wasan tsofaffin 'yan Jemagu, masu tumbi da ɗaurin gwiwa, kuma magajin gari ya sa an ɗauko Bambú da kansa daga gidan 'yarsa a Ponce. A keken guragu aka turo shi, gwiwoyi sun gama aiki, amma a zaune ma ya fi Don Fano tsawo. Ni na kai wa Minia kayanta a ƙaramar motata, sawu bayan sawu, tana zagin mijinta a kowane sawu.

Shirin Don Fano shi ne ya hura wuta a tsakiyar fili lokacin hutun rabin lokaci, a gaban kowa, don kada wani ya yi musu daga baya. Ya jawo buhunansa, ɗan sanda ya tare shi.

"Wuta a kan daɓen gwamnati? Don Fano, so kake ka kwana a wurinmu?"

Ya waiga. Murhun Minia na can a bakin fili, garwashi ya yi jajir, tsire na jere a kai. Ita kuma ta tafi sayo ƙanƙara, ta bar ni gadi.

"Kada ka fara," na ce.

"Aro ne, suruki."

Ya karɓe abin magana daga hannun mai sanarwa. Dillaliyar ba ta iso ba, ta aiko saƙo cewa cunkoson motoci ya riƙe ta, amma ya ce ba zai jira ba, gara ta zo ta tarar an gama.

"Jama'ar gari! Yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba, ko a New York! Amma da farko bari in gaida ɗalibina. Anacleto! Gaya musu wanda ya koya maka jefa ƙwallo ta saman kai."

Aka kai wa tsohon abin magana. Ya daɗe yana kallon Don Fano, yana ƙanƙance ido.

"Wane ne wannan?"

"Fano ne! Fano Lugo!"

"Tsaya... Na gane ka! Ba kai ne mai sayar da ƙanƙara mai zaƙi a bakin ƙofa ba? Wanda ya zuba min ruwan tsamiya a takalmi ranar wasan ƙarshe? Duk wasan ƙafata na mannewa a ƙasa!"

Fili ya ɗauki ihu. Wani daga sama ya ce, "Ashe kai ka sa aka ci mu!"

"Tsufa ne," in ji Don Fano a cikin lasifika. "Ƙwaƙwalwa ta fara tafiya. Mu ci gaba."

Ya sa safar robar, ya kwance bakin buhu, ya ɗebo. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Sai ya tsaya, ya zaro wani kati daga cikin waɗanda ke hannunsa, ya kai gilashi.

"Ku dubi abin da wani maras tsoron Allah ya sayar min! Jabu! Ƙwallo a hannun hagu, lamba a juye, kamar an duba a madubi. Bambú bai taɓa jifa da hagu ba. Ni za a yi wa wayo? Da wannan zan fara!"

Ya zagaya da shi kowa ya gani, ya jefa a garwashi. Ya murɗe, ya yi baƙi, ya tafi. Aka tafa masa. Tafin ya hau masa kai, ya fara zubawa da hannu biyu, sannan ya ɗaga buhunan ya juye gaba ɗaya. Wuta ta yi sama, hayaƙi ya turnuƙe, iskar teku ta kwashi toka da guntayen Bambú masu ci da wuta ta watsa a kan jama'a. Matar magajin gari ta shiga kakkaɓe gashinta tana kiran sunan Maryamu. 'Yan wasa suka hau tari. Tsiren Minia ya koma toka-toka kamar an tono shi daga ƙasa.

Minia ta iso da buhun ƙanƙara a kafaɗa. Ta sauke buhun a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

A daidai lokacin wata mace mai baƙin tabarau da jakar fata ta ratso taron tana fifita hayaƙi.

"Wane ne Don Epifanio?"

Ya buɗe maɓallan riga a gaban kowa, ya ciro ledar daga wuya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ledar ta huje tun tuni. Gumi ya shiga, katin ya jiƙe, rabin fuskar Bambú ya manne a jikin ledar.

Ta duba gaba, ta duba baya.

"Wannan ai na biskit ne, na kowa da kowa."

"Da ke nan, Doña Idalia. Yanzu shi kaɗai ya rage. Ga sauran can." Ya nuna murhun da alfahari.

"Ba wannan na zo gani ba. Ka ce min wanda babu na biyunsa. Ina mai juyayyen hoton?"

Abin maganar yana hannun Don Fano a kunne, don haka duk filin ya ji ta.

"Wane juyayye?"

"Wanda aka buga bisa kuskure ranar farko, ƙwallo a hagu, lamba a juye. Kamfanin ya gane ya lalata su, tun daga lokacin ake jin labarinsa ba a ganinsa. Ina da mai saye a Miami, wani likita, ya ce dala dubu ashirin da biyar, yau ɗin nan in ya samu."

Kowa a filin ya juya ya dubi murhun.

Don Chelo ya matso a natse, ya miƙa mata wayarsa.

Ya gyara murya. "Irin wannan, Doña?"

Ta kalli bidiyon. Ta mayar baya ta sake kallo. Ta cire tabarau, ta nemi akwatin ƙanƙara ta zauna.

Don Fano ya yi wani irin kuka kamar an taka kare, ya afka wa murhun da hannu biyu yana tona toka. Safar robar ta fara narkewa, ya hau tsalle yana yarfe hannu, ya tsoma su a buhun ƙanƙarar Minia har gwiwar hannu.

Sai gari ya rikice.

"Nawa ne! Ni na sayar masa!"

"Ƙarya kake, daga jikin firij ɗinmu ya fito!"

"Ƙanwata ce ta aiko shi daga Hartford, ina da shaida!"

Mutanen da suka yi dariyar sun yi masa wayo a dala biyar suka zagaye shi suna neman ya biya su diyya. Har mai dokin nan ya ce tun a cikin hularsa ya lura da shi. Don Fano, hannuwa a cikin ƙanƙara, ya sa na riƙe masa abin magana a baki.

"Ku saurara! Ko ba komai, nawa shi kaɗai ya rage a duniya! Wannan ba mai musu!"

"Ɗana," in ji wata siririyar murya. Doña Cuca ce, a kujerar gaba, carbi a hannu. "Gobe in kawo uku, ko ka daina saye?"

"Uku daga ina kuma?"

"Marigayi ai shi ne wakilin kamfanin biskit ɗin a yankin nan. Da suka rufe ba su zo sun kwashe kayansu ba. Kwalaye ne cike da ɗaki."

"Kin ce min a ƙarƙashin katifa!"

"Ban yi ƙarya ba, ɗana. Katifar a kan kwalayen take."

Bambú ya yi dariya har sai da 'yarsa ta riƙe keken. Dillaliyar ta miƙe, ta mayar wa Don Fano jiƙaƙƙen katinsa, ta kama hannun Doña Cuca ta ce ko za ta iya ganin ɗakin nan. Rabin gari ya bi su. Har yamma ana zazzage kwalaye, ba a sami mai juyayyen hoto ko ɗaya ba.

Minia kuwa ta dubi tsirenta, ta dubi mijinta, ta fizge abin maganar daga hannuna.

"Tsiren kaza! Tsiren da aka gasa da dala dubu ashirin da biyar! Ba a taɓa yi ba, ba za a ƙara ba! Farashi ya ninka, ba bashi!"

Aka yi layi. Da tokar da komai aka cinye, ko tsinke ɗaya bai rage ba. Bambú ya ci biyu, ya ce ɗanɗanon ƙuruciyarsa yake ji.

Ribar ranar ba ta sayi mota ba, amma ta sayi amalanke mai taya biyu. Yanzu duk ƙarshen mako za ka ga Minia a gaba da lemarta, Don Fano a baya yana tura murhu da gawayi da akwatunan ƙanƙara zuwa kan tudun fili. Masu wucewa sukan danna masa hon su tambaye shi ko da sanyi a ciki.

Ran nan na same shi a tsakiyar tudun, ya tokare amalanken da ƙugu yana haki. Ya yafuto ni, ya rage murya don kada ta ji.

"Genaro, tsakaninka da Allah. A cikin dubban katunan nan, wa ya gane ɗayan nan daban yake? Kallo ɗaya na yi masa na zaro shi."

"Ka kuma ƙona shi."

"Wannan maganar ciniki ce. Ni maganar ido nake yi. Irin idon nan ko a New York..."

"Epifanio!" in ji Minia, ba ta ko waigo ba. "Tura!"

Ya tura.